Majalisun Tunawa da Magabata a Jami'o'inmu: Manaƙibi ko Munazara?

Gidaje biyu na manyan 'yan siyasar Arewa yau suna hannun jami'a: gidan Sardauna Ahmadu Bello da ke Kaduna, wanda tun 1970 ya zama Gidan Arewa, ma'adanar takardun tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, bisa himmar Farfesa Abdullahi Smith, da gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wato Mambayya, wanda Jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Wanda ya yi tsokaci a kan wannan al'amari zai fahimta cewa amana ce mai nauyi aka ɗora wa malamai, domin kuwa mazajen nan biyu, duk da girmama juna da ke tsakaninsu, sun ƙare rayuwarsu ta siyasa suna saɓani a kan mas'ala guda, wato wane ne ya cancanci riƙe ragamar ƙasa, kuma da yardar wa.

Na halarci wani majalisi a wata jami'a, inda aka tara sarakuna da gwamnoni da ɗalibai don tuna manufofin da aka kafa Nijeriya a kansu, aka shafe yini ana ambaton gaskiyar magabata da gudun duniyarsu da riƙon amanarsu, har idanu suka yi ƙwalla, alhali babu ko mutum guda da ya ambaci abin da suka yi jayayya a kansa. Na fito zuciyata a ƙuntace. Yabon nan haƙƙinsu ne, ban musa ba. Illa dai manaƙibi aikin zauren ta'aziyya ne, jami'a kuwa an gina ta don tahaƙiƙi.

Haƙiƙa manufofin nan ba su taɓa zama abu guda ba. Sa'ad da aka kafa NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sanarwarta ta Sawaba ta ɗauki talaka a matsayin wanda tsarin En'e ya danne, wanda kuma shi ne zai ƙwaci kansa da kansa. NPC kuwa, jam'iyyar su Sardauna, hujjarta ita ce Arewa ta makara a ilimin zamani, rushe sarauta da gaggawa zai jawo fitina, gyara a sannu ya fi, kuma a bisa wannan ra'ayi aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Sa'adu Zungur ya zuba muhawarar a waƙarsa ta jumhuriya da mulukiya. Su Joseph Tarka sun nemi a ware musu jiha daga Arewa, hukumar Willink ta 1958 ta ƙi, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki a madadin haka, sai ga shi a 1967 an raba ƙasar jihohi 12. Mafi ban tausayi ita ce mas'alar mata, domin a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa an hana su, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan da makamantansa, haƙƙin bai tabbata ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 ya ƙarfafa shi. Ɗalibar da ke zaune a zauren lacca yau, da katin zaɓe a jakarta, ta cancanci a gaya mata cewa wasu daga cikin waɗanda ake yabo a gabanta ba su yarda a ba kakarta wannan dama ba, a kuma bayyana mata dalilansu bisa adalci.

Kada a ce wannan rashin ladabi ne ga mamata, domin al'adar malamanmu ce adana ihtilafi. Ibnu Rushdi ya gina Bidayatul Mujtahidi a kan bayyana sabubban saɓanin fuƙaha'u. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno masu sukar jihadin mahaifin Bello, sa'an nan ya ba su amsa, bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba. Idan ɗaya daga cikin shugabannin daula ya iya wannan insafi a farkon ƙarni na 19, farfesan yau ba shi da uzuri.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka fito ba su kai uku cikin goma na masu rajista ba, kuma ina da yaƙini cewa daga cikin sabubban wannan akwai jahiltar irin wahalar da aka sha kafin ƙuri'a ta shigo hannun talaka. Saboda haka nake roƙon shugabannin jami'o'inmu, idan ranar tunawa ta zagayo, su fito da takardun da ke ajiye a Gidan Arewa da Mambayya, su zaunar da malamai biyu masu ra'ayi mabambanta su yi munazara a kansu, su ba ɗalibai lokacin tambaya daidai da na manyan baƙi, kuma a yi wani sashe na zaman da Hausa, a watsa shi a rediyo, domin manomin Bici da 'yar kasuwar Funtuwa su ji.