Jinyar Abokin Tafiya a Zamanin Ayari da Hajjin Ƙasa

Kafin layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma kafin manyan motoci su yawaita a hanyoyin Afirka ta Yamma, Bahaushen da ya fita ƙasar waje da ƙafarsa yake fita, guzurinsa a ka ko a bayan jaki, kuma hanyoyi biyu ne suka fi ɗaukar mutane zuwa nesa. Ta farko ita ce ta fataucin goro, wadda ta tashi daga Kano da Sakkwato ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa Bargu da Zugu da Sansanin Mango da Yandi har ta kai Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Ta biyu ita ce ta hajjin ƙasa, wadda ta nufi gabas ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya. A kan kowace daga cikinsu akwai wata matsala da ba a cika tsayawa a kanta ba idan ana ba da tarihin kasuwanci ko na ibada, wato abin da ake yi da mutumin da ya karye, ko ƙafarsa ta kumbura, ko zazzaɓi ya kayar da shi a ƙasar da ba shi da kowa sai wanda suka fito tare.

Tushen matsalar shi ne cewa ayari, wato taron fatake da dabbobinsu da ke tafiya ƙarƙashin shugaba guda da ake kira madugu, ba ya iya tsayawa saboda mutum ɗaya. Ana tashi ne bayan kaka domin a ci moriyar rani, a dawo kafin damina ta cika koguna ta ɓata hanya, kuma kowane kwana da aka ƙara a zango yana nufin ƙarin abincin mutane da harawar dabbobi. A hanyar dawowa lamarin ya fi tsanani, domin goro kaya ne mai lalacewa, sai ana kwance huhu ana tsince wanda ya ɓaci ana yayyafa ruwa a ganyen, jinkirin mako guda kuwa yana iya cinye ribar shekara. Ga kuma 'yan fashin Bargu, waɗanda suka shahara da afka wa duk wanda ya ware daga taro, abin da ya sa zaman majinyaci da mai jinyarsa su biyu a daji bai zama mafita ba. Madugu da jagaba, wato mai shige gaba yana duba hanya da masauki, suna auna lafiyar mutum ɗaya ne da amincin ɗaruruwa, kuma ba adalci ba ne a kira wannan lissafi rashin tausayi.

Matakin farko shi ne magani a inda abin ya faru, da abin da ke hannu. Idan karaya ce ko targaɗe ko gocewar ƙashi, ana neman maɗori, wanda yake ja ya daidaita ƙashin, ya jera tsinkayen kara ko 'yan sanduna a kewayen wurin ya ɗaure da tsumma. Wanzami yana yin ƙaho da tsaga, yana kuma yin sakiya, wato huda kumburi da ƙarfe mai zafi domin mugunya ta fita, garin bagaruwa kuma ana barbaɗa shi a kan miki don ya bushe, man shanu ko man kaɗe na maganin faso da kaushin da doguwar tafiya ke jawowa. Malamin ayari yana yin tofi da rubutun sha. Ciwon da ya fi gurgunta matafiya ba tare da ya kashe su ba shi ne kurkunu, tsutsar da ake sha a ruwan tafki, wadda take yin kusan shekara a jiki kafin ta huda fata, galibi a ƙafa, sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, domin idan ta tsinke a ciki ƙafar takan rure. Ruwan da falke ya sha a tafiyar bara ne yake kwantar da shi a ta bana, sau da yawa a garin da ba ya jin harshen mutanensa.

Wanda zai iya zama a kan dabba akan sauke kayan jaki ɗaya a ɗora shi, a rarraba kayan ga sauran jakuna da takarkarai da 'yan alaro, wato masu ɗaukar kaya a ka don a biya su. Wannan taimako yana da tsada, domin jakin da ya ɗauki mutum bai ɗauki kanwa ko tufafin rini ko goro ba, kuma asarar tana hawa kan ɗan'uwansa ko abokin cinikinsa.

Idan ciwo ya fi ƙarfin haka, sai a kai majinyaci zango mafi kusa a bar shi. A nan ne amfanin zangunan Hausawa da suka jeru a kan hanya yake fitowa sarai, domin zango ya wuce wurin sauke kaya, unguwa ce ta baƙi Musulmi mai masallaci da limami da sarkinta, inda ake jin Hausa ko da garin na Dandawa ne ko na Dagwamba. Mai masauki, wanda ake kira fatoma, aikinsa na asali shi ne saukar da fatake da ajiye musu kaya da haɗa su da masu saye, amma amanar da ta sa ake bar masa dukiya ita ce ta sa ake bar masa mutum. Akan bar wa majinyaci wani abu daga hajarsa don ci da magani, a damƙa sauran ga amintacce a gaban shaidu domin ya sayar ya riƙe masa kuɗin, a kuma yi alkawarin ɗaukarsa idan ayari ya juyo. Sau da yawa wani yakan zauna tare da shi, ƙane ko mata ko yaron gida, kuma wannan mai jinya shi ne ya fi kowa asara, domin ya rasa cinikin da ya fito dominsa, ya ci jarinsa a zaune, kuma ba shi da tabbacin ayarin da zai mayar da shi gida.

Fiƙihun Malikiyya da malaman ayari suka karanta ya tanadi hukunce-hukuncen irin wannan hali. Wanda aka yi wa ɗori yana shafa a kan ɗaurin a maimakon wanke gaɓar, wanda ruwa zai cutar yana taimama, wanda ba ya iya tsayuwa yana salla a zaune ko a kwance. Kayan da aka bari a hannun abokin tafiya ajiya ce da za a mayar ga mai ita ko magadansa, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, wanka da sallar gawa da binnewa kuwa farilla ce da idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura. Sai dai wajibi ne a faɗi cewa wannan kulawa ba ta game kowa daidai ba. Bawan da aka sayo a kasuwar Salaga, ko ɗan alaron da ba shi da dangi a ayari, idan ya gaza ba lallai ne a sauke masa jaki ba, kuma Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya ratsa Sahara daga Fezzan zuwa Barno a 1822 da 1823, ya ba da labarin ƙasusuwan bayi da ya tarar birjik a bakin rijiyoyin hanyar.

Hanyar gabas ta sha bamban domin masu binta ba su da goron da zai ruɓe, kuma da yawansu iyali ne guda, miji da mata da 'ya'ya da tsofaffi, suna tafiya suna tsayawa yin ƙwadago don neman guzurin gaba. Bayan faɗuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 jama'a masu yawa suka bi wannan hanya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Ga irin waɗannan matafiya, idan mutum ɗaya ya kwanta a Abeshe ko Janaina ko Fashir, gidan duka ne yake tsayawa, a kama gona a yi damina, wani lokaci a yi ta biyu. Jirgin ƙasan da ya kai Ubayyid a 1912 ya rage tafiyar ƙafa, gonakin audugar Jazira da aka buɗe bayan gina madatsar Sinnar a 1925 suka samar da aikin yi, amma su ma sun sauƙaƙa zaman da aka fara da niyyar 'yan watanni ya zama na dindindin. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Sudan, ya nuna cewa har jikokin waɗanda suka yada zango a can suna ɗaukar kansu alhazai ne da ke kan hanya. Rashin guzuri da bashi su ne manyan dalilan wannan zama, amma jinya tana cikin abubuwan da ke cinye guzurin tun farko.

Jinyar da aka fi sani dalla-dalla daga wancan zamani ta Turawa ce, domin su ne suka rubuta. An san yadda Richard Lander ya yi jinyar maigidansa Hugh Clapperton a Sakkwato har ya rasu a watan Afrilun 1827, ya binne shi, ya kwashi takardunsa ya koma bakin teku, saboda Lander ya wallafa labarin a Ingila. Dubban mata da ƙannen fatake da suka yi irin wannan zama a Zugu ko Yandi ko Abeshe ba su bar takarda ba, labarinsu sai a bakin zuriyarsu a zangunan Gana da Benin da Chadi da Sudan. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da jigilar goro ta teku zuwa Legas sun karya ayarin Gwanja, motoci da jiragen sama suka gaje hajjin ƙasa, kuma tun da gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kula da alhajin da ya ji rauni ta koma hannun tawagar likitocin da ke rakiyar mahajjata.