Tarihin Aikin Cire Mahaifa a Tawa da Arewacin Adar

Duk wanda ya yi nazarin sha'anin haihuwa a ƙasar Adar tun zamanin kakanni zai tarar mutum biyu ne ke riƙe da ragamarsa, wato ungozoma da wanzami, sa'an nan malami yana bayansu da rubutun sha da addu'a. Ungozoma ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta tsaya a kan wankan jego da kunun kanwa. Wanzami kuwa, da zabirarsa da askarsa da ƙahonsa, shi ake kira in abu ya kai ga yanka. Amma duk gwanintarsu, wadda ba mai musunta sai jahili, ba ta kai ga buɗe cikin mace mai rai ba, saboda haka idan naƙuda ta yi kwana biyu ko uku har mahaifa ta fashe, abin da ya rage wa dangi shi ne tawakkali.

Haƙiƙa wannan gajiyawa ba ta Adarawa ba ce su kaɗai. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban tabibin Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya siffanta kayan fiɗa masu yawa a littafinsa Attasrif, ya kuma yi wa ungozomomi bayanin haihuwa mai wuya, amma duk da haka sai da aka shafe ƙarnoni kafin cire mahaifa ya zama aikin da ake shirya shi da niyya. A 1813 wani likitan Jamus, Langenbeck, ya fitar da mahaifar wata mata ta farji, matar ta rayu. A 1843 Charles Clay ya jarraba ta hanyar yanka ciki a Ingila, matar ta rasu, kuma sai a 1853, a Amurka, aka sami wadda ta tashi daga irin wannan aiki. Samuwar maganin sa barci da sanin tsabtace kayan aiki su suka mai da kasada ta zama ilimi, har a ƙarshen shekarun 1980 Harry Reich ya buɗe hanya ta uku, wato shigar da madubi da siraran ƙarafa ta ƙananan huji.

Wannan ilimi ya iso ƙasarmu sannu a hankali. A 1918 Faransawa suka buɗe makarantar likitoci da ungozomomi a Dakar, inda aka horar da 'yan ƙasa na farko. A 1950 'yan mishan suka kafa asibitin Galmi a kudancin jihar Tawa, a 1974 kuma aka soma koyar da likitanci a jami'ar Yamai. A cikin Tawa kanta, babban asibitin jiha da gidan haihuwa na Tasigi suka zama matattarar matan da aka turo daga Abalak da Cintabaraden da Keita. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa talaka kuɗin fiɗar haihuwa, aka kuma riƙa koya wa likitocin gundumomi fiɗar gaggawa, domin a rage nisan da ke tsakanin mai naƙuda da mai ceto.

To, hanyoyin nan uku kowace da muhallinta. Ta farji ita ta fi dacewa da dattijuwar da haihuwa takwas ko goma, da dakan hatsi da jan guga a rijiya mai zurfi, suka sa mahaifarta ta zazzago, domin ba a yanka mata ciki, allurar ƙashin baya ta wadatar, kuma cikin 'yan kwanaki sai ta koma gida. Ta ciki ita ake bi idan ƙari ya girma, ko ana zaton sankara, ko mahaifa ta fashe, gama likita yana bukatar ya ga kome da idonsa, ko da yake jinyarta takan kai mako shida. Ta madubi kuwa, duk da sauƙin da take yi wa marar lafiya, tana neman lantarkin da ba ya yankewa, da na'ura mai tsada, da hannun da ya daɗe yana koyo.

Sai dai abin da tarihin Adar ya nuna shi ne, sau da yawa lokacin da mace ta iso shi ke zaɓar hanya kafin likita ya buɗe baki. A duba yarinya mai cikin fari a wani zango arewa da Cintabaraden, wadda kunya ta hana ta faɗi ciwo, aka jira mijinta ko surukinta ya ba da izini, aka ɗora ta a amalanken jaki cikin rairayi har bakin hanyar mota. In ta iso Tawa zanenta jiƙe da jini, idonta fari fat, ba sauran shawara: a nemi mai ba da jini cikin dangi, a yanka ciki, in mahaifa ta ɗinku a ɗinke, in ta ƙi a cire, wani lokaci ma a bar bakinta domin a gaggauta. Ta tsira da rai, amma ta rasa haihuwa tun ba ta cika shekara 20 ba, kuma kowa ya san abin da wannan ke jawo wa mace a gidan aure.

Fuƙaha'u sun tabbatar cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mafi sauƙi, don haka babu aibi ga wadda lalura ta sa aka cire mata mahaifa, kuma zalunci ne a wulaƙanta ta ko a sake ta saboda haka. Amma wajibin da ya rigayi wannan yana wuyan mazaje da iyaye da limamai. A kai mai ciki awo, a tanadi kuɗin mota tun kafin watan haihuwa ya kama, mai tafiya ci-rani ya bar izini a bayansa, kuma kada a bar rana ta faɗi sau biyu a kan mace tana durƙushe.