Major Taylor: Zakaran Keken Da Ya Bi Bayan Inji

Mu da muka tashi tsakanin Funtuwa da Malumfashi mun san keke a matsayin jakin manomi: shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun masara kasuwa. Mun kuma san cewa idan mai keke ya raɓa bayan motar auduga a kan kwalta, feda takan yi masa sauƙi, domin motar ta tsaga masa iska. Wannan dabarar ce Turawa suka mayar wasa a ƙarshen ƙarni na 19: babur a gaba, mai keke manne da shi a baya, suna zagaya filin tsere. Tun wasan yana sabo, wani baƙar fata ɗan Amurka ya kafa tarihi a cikinsa.

An haifi Marshall Taylor a Indianapolis ranar 26 ga Nuwamba, 1878. Mahaifinsa mai tuƙa keken doki ne a gidan wasu attajirai. Yana yaro yakan yi wasa da keke a ƙofar wani shagon kekuna sanye da kayan soja, daga nan laƙabin Major ya bi shi.

Ƙafa ta ba shi, fata ta hana shi. A 1894 babbar ƙungiyar masu keke ta Amurka ta rufe ƙofa ga baƙar fata. A fili kuwa abokan tsere sukan haɗa baki su matse shi. A 1897 wani mai suna William Becker ya shaƙe shi bayan tsere har ya suma, aka ci shi tarar dala 50 kacal.

Shekarar 1899 ce tasa. A watan Agusta, a Montreal ta Kanada, ya zama zakaran duniya a tseren mil ɗaya, wanda ake yi ba tare da inji a gaba ba. A Nuwamba kuma, a Chicago, ya bi bayan babur mai aiki da tururi ya cinye mil ɗaya cikin minti 1 da daƙiƙa 19, wato kusan kilomita 73 a awa. A irin wannan gudu, taya na dab da taya, ran mutum yana hannun mai jan babur. Ya ɗan rage wuta, an yi karo. Ya ɗan ƙara, iska ta buge na baya. Haka Harry Elkes, tauraron wannan fanni, ya rasa ransa a 1903 da tayarsa ta fashe ana tsaka da tsere.

Taylor ya tafi Turai a 1901, ya kara da zakaran Faransa, Edmond Jacquelin, a Paris. Ya sha kaye a karon farko, ya rama a na biyu. Ya yi ritaya a 1910, sannan dukiyar da ya tara ta narke a kasuwancin da bai karɓe shi ba.

Da ya ga ana mantawa da shi, sai ya ɗauki alƙalami. A 1928 ya buga tarihin rayuwarsa da kuɗin aljihunsa, ya koma Chicago yana tallar littafin gida-gida. Can ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1932, a sashen marasa galihu na asibiti, aka binne shi a kabarin da ko suna babu. Sai a 1948 tsofaffin 'yan tsere suka mayar da shi wani kabari mai alama, da tallafin mai kamfanin keke Frank Schwinn.

Littafin da bai ciyar da shi ba, har yau gare shi masu bincike ke komawa don jin labarin daga bakinsa. A kasuwanninmu akwai tsofaffin masu gyaran keke da suka san zamanin da Raleigh ke wa saurayi aure. Mu je mu zauna da su tun suna da rai.