Mtambwe da Itacen da Ya Mallake Ta

Wanda ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Wete, a arewacin tsibirin Pemba, ya dubi kudu, zai hango wata ƙasa kore shar a ƙetaren ruwa. Ita ce Mtambwe. Ba gari ba ce, tarin ƙananan ƙauyuka ne da suka warwatsu a kan tuddai, irin su Nyali da Daya da Uondwe, kuma daga Wete an fi saurin isa da kwalekwale, don mota sai ta yi dogon zagaye. Pemba kanta tana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Tanzaniya, ita da tsibirin Unguja ne suka haɗu ake ce musu Zanzibar. Faɗinta bai cika murabba'in kilomita 1,000 ba, mutanenta kuwa sun ɗan haura rabin miliyan a ƙidayar 2022.

Yammacin tsibirin ba shi da shimfiɗaɗɗen fili. Daga ka hau sai ka gangara, daga ka gangara sai ka hau, ko da yake babu tudun da ya kai mita 100. Gidaje suna bisa tudu, na jar ƙasa da aka yaɓa a jikin itace, rufin ganyen kwakwa ko na kwano, ayaba da rogo da mangwaro sun kewaye su. A can ƙasan kwari, inda ruwa ke kwanciya bayan daminar da suke kira masika, shinkafa ce, kuma yawanci aikin mata ne. Teku na kutsowa cikin ƙasa ta wasu mashigai masu cike da itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri, waɗanda ake sara a yi ginshiƙin ɗaki. Tsakanin gida da kwari kuwa, a kan gangare, kanumfari ne tsaye, dogaye, masu duhun ganye.

A ganina tarihin ƙauyen duka yana tsakanin gangaren nan da kwarin nan. Kwari ke ciyar da mutane. Gangare ke kawo kuɗi, sai dai tun ran da aka dasa itacen farko ba a taɓa barin mai itace ya yanka wa kayansa farashi ba.

Kanumfari baƙo ne a nan, kuma bai daɗe ba idan aka auna da shekarun wurin. A ɗan tsibirin Mtambwe Mkuu, wanda ke manne da gaɓar, an tono tarin tsabar azurfa sama da 2,000 a 1984, masu ɗauke da sunayen sarakunan wurin Musulmi, haɗe da dinaren zinariya na Fatimawan Masar. An binne su ne a ƙarni na 11. Wato kusan shekara dubu da suka wuce, mutanen wannan lungu suna buga kuɗinsu da kansu suna ciniki da Larabawa. Abin da aka san Pemba da shi a ƙarnonin da suka biyo baya shi ne abinci. Ita ce rumbun Mombasa. Turawan Fotugal sun karɓi harajin shinkafa a hannunta, bayansu gidan Mazrui na Mombasa suka riƙe ta saboda dalili guda, har farkon shekarun 1820 da dakarun Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, suka ƙwace ta.

Shi kuwa itacen, asalinsa wasu 'yan tsibirai ne na Maluku, a Indonesiya ta yau. Kamfanin Turawan Holan ya yi kaka-gida a kansa, yana sare duk wanda ya tsiro a inda ba shi ya ba da izini ba, don kada kaya su yi yawa farashi ya faɗi. A 1770 wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka sato dashe aka kai tsibirin Morishus. Daga tsibiran Faransawa na wannan yanki irin ya iso Unguja wajen 1818, ana danganta kawo shi ga wani attajirin Balarabe, Saleh bin Haramil. Sayyid Sa'id ya ga riba, ya ƙwace gonakin Saleh, ya matsa wa manyan Larabawa su dasa, daga baya ma ya tattaro fadarsa daga Maskat ya dawo Zanzibar a 1840.

Da farko Unguja ce uwar gonakin. Guguwa ce ta juya lamarin. A watan Afrilun 1872 wata iska mai ƙarfi ta ratsa Unguja ta tumɓuke akasarin itatuwanta cikin yini guda, ta bar Pemba ba ta taɓa ta ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, masu kuɗi suka ƙetaro, aka shiga sarar dajin yammacin Pemba ba ji ba gani. Ƙasar ta karɓi itacen fiye da yadda Unguja ta karɓa, ga zurfin ƙasa ga ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara. Tun daga lokacin kaso mafi tsoka na kanumfarin da duniya ke kira na Zanzibar daga Pemba yake fitowa. Ragowar wancan daji shi ne Ngezi, a can ƙuryar arewa.

Hannun bayi ne ya yi mafi yawan wannan aiki. Ana kwaso su daga cikin nahiya, da yawa daga wajen Tafkin Nyasa ta hanyar Kilwa. Sarki Barghash ya rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873 bisa matsin Ingila, amma shekara ɗaya ke nan da guguwar, lokacin da Pemba ta fi kowane lokaci ƙishirwar ma'aikata, saboda haka jiragen dare ba su fasa sauke mutane a mashigan nan ba. Bawa na yi wa ubangidansa kwana biyar, Alhamis da Juma'a ya noma ɗan abin da zai ci. Dokar da ta soke bauta ta zo a 1897, ita ma da ƙafar ungulu: sai bawa ya je kotu da kansa ya nemi takarda, ubangida a biya shi diyya, ƙwaraƙwarai kuwa ba ta shafe su ba sai 1909. Da yawa cikin waɗanda aka 'yanta ba su je ko'ina ba. Suka zauna a gonakin, suna shuka rogo a ƙarƙashin itatuwan, mai gona na murna an share masa ciyawa kyauta. Jikokinsu suna cikin ƙauyukan, aure da masallaci sun gauraya su da kowa.

Akwai wani abu da ya bambanta Pemba da Unguja, wanda ya yi tasiri har a siyasa. A nan 'yan ƙasa ba su zama 'yan kallo ba. Sau da yawa su ke sarar daji, Balarabe ya kawo dashe, idan itatuwa suka kama a raba. Ta haka talakan ƙauye ya mallaki nasa, ko ashirin ne ko hamsin, ana gadonsu, ana jinginar da su, ana ƙirga arzikin mutum da yawansu.

Kanumfarin da muke jefawa a kunu da shayi da yaji ba 'ya'yan itace ba ne, fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Shi ya sa aikinsa ba ya jira. Da zarar ƙullin ya fara juyawa daga kore zuwa ja-ja, 'yan kwanaki ne suka rage, idan ya buɗe daraja ta zube. Babban girbi na kamawa daga wajen Yuli, ƙarami kuma a ƙarshen shekara. Itacen kan kai mita 10 zuwa 15, rassansa gautsi gare su. Mai tsinka zai hau da igiya da ƙugiya da buhu a rataye, ya ɗaure reshe da reshe ya samu wurin taka ƙafa, ya janyo na nesa yana karyo curi-curi da hannu, mata da yara suna tsinkar na ƙasa. Duk kaka sai an kwashi waɗanda suka faɗo, wani da karaya, wani ba ya sake tashi da ƙafarsa.

Da la'asar sakaliya a zube abin da aka samo a tsakar gida, a kewaye shi. Mutum zai ɗauki curi ɗaya ya goga a tafin hannunsa, ƙullin su zubo, sandunan su rage masa a yatsu. Waɗannan sanduna, makonyo, ba a zubarwa, ana tara su daban a sayar, a tatsi mai a masana'antar Wawi kusa da Chake Chake. Da pishi ake awo, mudun can ke nan, kuma da yawan pishi ake biyan ɗan ƙwadago, saboda haka hira na tafiya hannu bai tsaya ba, har dare ya raba. Gari na wayewa sai shanya. Tabarmi a ƙofar gida, a filin ƙwallo, a gefen kwalta har mota na kaucewa. Kwana huɗu zuwa mako yake yi, ya yi duhu, ya rasa wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Idon kowa na sama. Hadari na haɗowa za ka ga tsohuwa da jikanta sun ruga suna naɗe tabarma, don wanda ruwa ya taɓa yakan yi fari-fari ya yamutse, a wurin awo a jefa shi daraja ta ƙasa.

Itacen kuma ba shi da alkawari. Ya yi ambaliya bana, ya yi shekara biyu ko uku yana ba da kaɗan. A shekarar ambaliya ake aure, a sauya rufi, a sayi keke ko amalanken shanu, ajin makaranta ya zama wayam. A sauran shekarun a koma ga kwari da rogo da kifi, da kuma bashi.

Ta ƙofar bashin nan aka fara shiga tsakanin manomi da kayansa. Zamanin Turawan Ingila, waɗanda suka karɓi ragamar Zanzibar a 1890, gwamnati na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kanumfari a matsayin haraji, shi ne ma ƙashin bayan baitulmalinta. Ragowar kuma na bi ta hannun 'yan kasuwa Indiyawa, waɗanda ke ba da rance kafin kaka su karɓi gona jingina. A 1927 aka kafa ƙungiyar manoman kanumfari, a shekarun 1930 gwamnati ta miƙa mata ikon saye. Indiyawa suka ce ba su yarda ba, 'yan'uwansu a Indiya suka ƙaurace wa kanumfarin Zanzibar daga 1937 zuwa 1938 har sai da aka sasanta. A duk wannan ja-in-ja ba wanda ya tambayi mai hawa itace a Mtambwe ra'ayinsa.

Juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 ya kori Sarkin Zanzibar, aka ƙwace manyan gonaki aka rarraba eka uku-uku. Ya kamata a ce nan talaka ya huta. Amma Pemba ba ta cikin masu juyin. Yawancin mutanenta sun zaɓi ɓangaren da aka hamɓarar, firaministan da aka tumɓuke ma, Muhammad Shamte, ɗan Pemba ne, sabuwar gwamnatin Abeid Karume kuwa ba ta manta ba. A 1968 aka kafa kamfanin gwamnati na ZSTC, aka ce shi kaɗai zai sayi kanumfari, a farashin da ya ga dama. Duk wanda kakansa ya noma gyaɗa a ƙasar Kano zamanin hukumar sayen amfanin gona ba sai an yi masa dogon bayani ba: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A farkon shekarun 1970 kanumfari na tsada a duniya, kuɗin Zanzibar na taruwa a banki a Landan, gwamnati kuma ta taƙaita shigo da abinci, mutanen Pemba na layin shinkafa da sukari. Waɗanda ke da kwari da gonar rogo su suka fi samun sauƙi.

Martanin ƙauye shi ne fasa-ƙwauri. Shimoni ta Kenya tafiyar dare ɗaya ce a jirgin filafilai, can kuwa a wancan lokacin ana biyan ninkin abin da ake biya a gida. Doka ta tanadi hukunci mai tsanani, har da na kisa a zamanin Karume, amma mashigan da suka ɓoye jiragen bayi sun iya ɓoye buhuna. Ni dai ban iya kiran mutumin da ya ɗauki abin da ya shuka ya kai inda za a biya shi ɓarawo ba. Ta wannan hanyar ruwa ce kuma mutane wajen 2,000 suka tsere zuwa Shimoni a Janairun 2001, bayan jami'an tsaro sun buɗe wuta kan masu zanga-zangar zaɓe. Jagoran adawar da Pemba ta bi shekara da shekaru, Maalim Seif Sharif Hamad, a Nyali ta Mtambwe aka haife shi a 1943, can kuma aka binne shi a 2021.

Bugu mafi zafi daga nesa ya zo. A da, babbar mai sayen kanumfari a duniya ita ce Indonesiya, inda ake cusa shi cikin tabar da suke kira kretek. Da ta dasa nata ya ishe ta a shekarun 1980, ga Madagaska na fitar da nata, farashi ya rushe. Manoma suka daina dashe. Wa zai jira shekara bakwai itace ya fara fure don ya sayar a farashin da bai biya mai hawa ba? Wasu itatuwan tsufa ya ci su, wasu cutar da ke busar da itace farat ɗaya, wasu aka sare aka yi gawayi. Samari suka bazu Unguja da Darussalam da Mombasa da Oman, kuɗin da suke aikowa ya maye gurbin na kaka a gidaje da yawa.

A 2011 gwamnati ta sake lale, ta yi alkawarin ba manomi kashi 80 cikin 100 na farashin duniya, kuɗin kilo ya ninka har fiye da sau biyu. Wutar lantarki ma ta iso ta ƙarƙashin teku daga yankin Tanga shekara guda kafin nan. Aka koma neman dashe, gwamnati na rabawa, mutane suka shiga share gonakin da suka yi shekaru a cikin sarƙaƙiya. Tsadar ta zo da nata: ɓarayi na hawa itace da dare, masu gona na kwana a gindinsa, masu kuɗi na zuwa su yi hayar itatuwa tun fure bai nuna ba su biya mai gona abin da ya samu. Mai saye dai har yanzu ɗaya ne, ZSTC, kuma a rumfarsa ma'aikaci ke duba buhu ya ce wannan daraja ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan ta uku.