Tsuntsun Da Ya Rikita Masana

A cikin 1758 wani masani na ƙasar Suwidin, mai suna Linnaeus, ya fid da littafin da ya kafa ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna. Kowace halitta suna biyu ta ke samu da harshen Latin: na fari na zuriyarta, na biyu nata na kanta, kamar yadda mutum ya ke da sunan gidansu da na yanka. Ƙa'ida ce mai kyau, amma akwai tsuntsun da ya ba ta wuya.

Tsuntsun nan a kurmin Afirka ta Yamma ya ke, daga Gini da Saliyo har Gana. Kansa ba gashi, sai fata rawaya da baƙin tabo a kowane gefe. Da laka ya ke gina sheƙarsa a jikin dutse ko cikin kogo, kamar tsattsewa.

A 1825 Temminck, mutumin Holan, ya duba shi ya ce hankaka ne, ya sa shi cikin zuriyar hankaki. Ba a daɗe ba, a 1828, Lesson na Faransa ya ce a'a, ya ware masa zuriya tasa, ya kira ta Picathartes. Sunan nan haɗi ne na sunan wani ɗan'uwan hankaka da na wata irin ungulu, saboda sanƙon kan. Ka ji sunan da aka raɗa cikin ruɗewa! A 1899 kuma Reichenow na Jamus ya bayyana ɗan'uwansa daga Kamaru, mai ja da shuɗi a ka, wanda ke zaune har dazuzzukan Kuros Riba a Nijeriya.

To, daga nan fa aka yi ta yawo da su cikin littattafai fiye da shekara ɗari, yau a wannan dangi, gobe a wancan. Sai da aka iya binciken ƙwayoyin gado na jiki sa'an nan aka gane cewa makusantansu su ne waɗansu tsuntsayen duwatsu na kudancin Afirka, da wani na kurmin Malesiya. Su biyun nan kuwa aka bar su a danginsu su kaɗai.

Abin mamaki, masana sun lissafa su cikin tsuntsaye masu waƙa, watau jama'ar su kanari, don ƙirar maƙogwaronsu da asalinsu. Amma mai shiga kurmi ya kan wuni kusa da su bai ji sun ce uffan ba.