Yadda Likitoci Suka Gano Hannun Ƙwaƙwalwa a Ciwon Gubar Jini

Gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis, ita ce halin da jiki ke shiga idan ƙwayoyin cuta suka kama mutum, zazzaɓi ya tashi, bugun jini ya yi rauni, ƙoda da huhu da hanta suka fara gazawa. Tun ƙarni na 19 likitocin Turai suka tsaya a kan cewa laifin duka na abin da ya shigo daga waje ne. A 1847 Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa na babban asibitin Biyana wanke hannu da ruwan kulorin, nan da nan mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai. Daga baya aka samo magungunan kashe ƙwayoyin cuta, aka ɗauka magana ta ƙare. Amma sai ga marasa lafiya suna mutuwa ko da an kashe ƙwayoyin.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli shi ne Kevin Tracey, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1957. A 1985, yana koyon aiki a wani asibitin New York, aka kawo jaririya 'yar wata 11 da tafasasshen ruwa ya ƙona mafi yawan jikinta. Ta yi kusan wata guda tana jinya, har an fara sa rai da ita, sai jikinta ya rikice ta rasu, ba tare da an ga ƙwayar cutar da za a ɗora wa laifin ba. Wannan mutuwa ce ta juya akalarsa zuwa ɗakin bincike, ya kuma ba da labarinta a littafinsa Fatal Sequence na 2005.

Tare da Anthony Cerami da wasu abokan aiki, ya nuna a 1986 cewa wani sinadari da garkuwar jiki ke fitarwa da kanta, mai suna TNF, idan aka yi wa ɓeraye allurarsa yakan jefa su cikin irin wannan hali ba tare da ƙwayar cuta ko ɗaya ba. A 1987 suka kare gwaggon birai daga mutuwa ta hanyar toshe sinadarin kafin a zuba musu ƙwayoyin cuta a jini. Ashe mai gadin gidan ne ke cinna wa gidan wuta garin korar ɓarawo. Sai dai da aka gwada maganin toshe TNF a kan mutane cikin shekarun 1990, bai ceci rayuka yadda aka zata ba, saboda kafin majinyaci ya iso asibiti sinadarin ya riga ya yi ɓarnarsa. Inda toshe TNF ya yi tasiri shi ne ciwon kumburin gaɓɓai da na hanji, bayan aikin Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan.

Babban abin da ya ɗaukaka sunan Tracey ya fito ne daga binciken raunin ƙwaƙwalwa. Ɗakin bincikensa na gwada wani magani a ƙwaƙwalwar ɓeraye don rage ɓarnar da toshewar jini ke yi mata, sai aka lura cewa ɗan ƙanƙanin abin da aka zuba a kai ya hana fitar TNF a sauran sassan jiki. Da aka yanke wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta gangara ƙirji da ciki, sai tasirin ya ɓace. A 2000 suka wallafa a mujallar Nature cewa motsa jijiyar da wutar lantarki kaɗan ya rage TNF, ya kuma hana bugun jinin ɓerayen faɗuwa. A 2011 aka fayyace yadda saƙon ke isa saifa, inda wasu ƙwayoyin garkuwa ke sakin sinadarin asetilkolin, shi kuma ya kwantar da masu haddasa kumburi. Kafin nan, akasarin littattafan likitanci na koyar da jijiyoyi da garkuwar jiki tamkar ba abin da ya haɗa su, kuma rushe wannan katanga aiki ne da ya cancanci yabo.

Amfanin da ya kai ga marasa lafiya ya sake karkata zuwa ciwon gaɓɓai. A 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata 'yar na'ura da ake dasawa a wuya don motsa jijiyar bagus, ƙirar kamfanin SetPoint Medical wanda Tracey na cikin waɗanda suka kafa shi.

Ita kuwa gubar jini har yau tana nan da ƙarfinta. Sabuwar ma'anar da likitoci suka amince da ita a 2016 ta ɗora asalin ciwon a kan rikicewar martanin jiki, wanda shi ne fahimtar da binciken TNF ya taimaka wajen kafawa. Duk da haka, ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2020 ta nuna ciwon ya kama mutum kusan miliyan 49 a 2017, miliyan 11 suka mutu, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Abin da ke ceton rai a yanzu shi ne gane ciwon da wuri, ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa, da ƙarin ruwa.