Allon Ƙofar Coci, Daga Boston Zuwa Wayar Hannu

A 1919 wani limamin coci mai suna Henry Saunderson, a unguwar Brighton ta birnin Boston a Amurka, ya lura cewa allunan sanarwa na ƙofar coci-coci ba sa jan hankalin kowa. Sai ya fara liƙa gajeriyar magana da manyan baƙaƙe, ana sauya ta duk mako. Aka sa wa abin suna mumbarin bakin hanya, kafin a jima ɗaruruwan coci-coci sun ɗauka. Mai wucewa ake wa magana, wanda wataƙila ba zai taɓa leƙawa ciki ba.

A ganina mota ce ta shigo da raha cikin lamarin. Direba ba shi da sararin karanta wa'azi, amma in ka sa shi murmushi zai tafi da maganar har gida, kamar yadda rubutun bayan manyan motoci ke bin mu.

Wanda ya fi burge ni a birnin Sydney na Ostareliya ya faru, cikin shekarun 1980. A lokacin cocin St Barnabas tana fuskantar mashayar Broadway Hotel, titi ne kawai a tsakani. Fasto Robert Forsyth zai rubuta a allonsa cewa wannan coci ta masu zunubi ce, sai mai mashaya Arthur Elliott ya mayar masa a nasa allon cewa wannan mashaya ta masu sha ce. Fasto ya ce kuɗi ba sa kawo farin ciki, Elliott ya ce shi dai gara farin ciki cikin kuɗi da farin ciki cikin talauci. Shekaru suka yi a haka, masu shiga bas na ɗokin ganin amsar mako. Ina ƙaunar labarin nan domin maƙwabtaka ce ta gaskiya: ra'ayi ya sha bamban, ba zagi, ba gaba.

Da intanet ta zo, allon ya bar titinsa ya koma hoto a Facebook. Har shafi aka buɗe inda kowa zai rubuta abin da ya ga dama a kan hoton allon coci. Da irinsa aka ƙirƙiri shahararriyar muhawarar nan ta cocin Katolika da ta Presbyterian kan ko karnuka za su shiga aljanna, wadda ta bazu wajen 2008. Ba a taɓa yin ta ba. Abin yana damuna, don har yau ana tura ta, ana yabon fastocin da ba su jera ko harafi ɗaya ba.